Ranar da Aka Tafa wa Babana

Shekara goma sha huɗu ina tuƙa bas ta gaban Marble Arch, amma ban taɓa sauka na shiga lambun Hyde Park don in saurari babana ba. Kowa a unguwarmu ta Kilburn ya san inda Ambrose Tulley yake ranar Lahadi: yana bisa ɗan tsaninsa mai hawa uku a Kusurwar Masu Magana da ke cikin lambun, inda kowa ke tsayawa ya faɗi son ransa, yana caccakar hukuma kan rufe banɗakunan jama'a. Abin yana ba ni haushi tun ina yarinya. 'Ya'yan mutane suna cin gasasshen naman Lahadi da iyayensu, mu kuwa sai dai uwata ta rufe wa Baba nasa da faranti, ya dawo da yamma murya a dishe yana ba mu labarin baƙar da ya gaya wa wani Vernon. Vernon ya ce, na ce da Vernon. Ban taɓa ganin mutumin ba, amma na tsane shi tun kafin in san hanyar makaranta.

A watan Fabrairu ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Ƙafar ta dawo, hannun bai dawo ba, harshen kuma ya yi nauyi. Kalma takan ɓace masa a tsakiyar magana, ya tsaya baki buɗe yana nemanta har idonsa ya yi ja. Uwata ta riga mu gidan gaskiya, saboda haka ni ce wanka, ni ce asibiti, ni ce shan faɗa in shayi ya huce. Wata bakwai muna haka, sai ran nan ya ce in kai shi Kusurwa ranar Lahadi.

"Baba, cokali ma sai ka yi ta nuni kafin in gane. Me za ka je ka ce musu?"

"In suka tsaya," ya ce, ya huta, "to ina nan da raina. In suka watse, na bari."

Na yi faɗa, na yi lallashi, duk a banza. Ranar ya sa na yi masa aski, ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya cusa mataccen hannun a aljihu yadda ba mai lura. Ni aka bari da dakon tsani a cikin bas, yana bugun ƙafafun mutane ina ba da haƙuri, raina a ɓace.

Mun tarar wuri ya cika. Mai wa'azi na wa'azi, mai cewa duniya za ta tashi ran Laraba na yi, ga samari da wayoyi suna musun addini kamar za su cinye juna. A nan ba a yarda da lasifika ba, muryarka ce jarinka. Baba ya nuna mini wurinsa kusa da shingen ƙarfe, na kafa tsanin, ya hau da ƙyar ina riƙe da ƙafafun. Ya fara magana. Muryar da a da ake ji daga tsallaken titi yanzu ba ta wuce taku biyar. Minti goma yana yi, masu sauraronsa ni ce da wasu tattabaru biyu. Na ji kunya, na kuma ji haushin kaina da na ji kunyar.

Sai wata murya mai kaushi ta taso daga bayana.

"Kai jama'a! Ministan Masai ya dawo! Na ɗauka tuni an ja maka ruwa ka wuce!"

Wani gajeren tsoho ne, da hula mai baki da gorar shayi a hammata. Ba sai an gaya mini ba, Vernon ne. Fuskar Baba ta washe kamar an ba yaro alewa.

"Vernon," ya ce, "har yanzu ba a binne ka ba? Ai warin ya isa."

Mutum uku suka tsaya suna dariya. Kafin ka ce kwabo sun zama goma. Baba ya ɗauko zancen tsofaffin da ba sa iya fita kasuwa don babu inda za su kewaya, ya yi jimla biyu lafiya lau, a ta uku kalma ta gudu. Na ga maƙogwaronsa yana hawa yana sauka.

"Ku saurara, yanzu zai ce mafitsarar talaka!" in ji Vernon, yana juyawa wajen mutane. "Shekara talatin da ɗaya waƙa ɗaya, ko gwauron zakara ya fi shi sabon baiti!"

"Mafitsarar talaka," Baba ya cafe, ya ɗaga hannun hagu, "ba ta san ranar zaɓe ba!"

Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Abin da nake gani shi ne tsoho mara lafiya a kan tsani, da wani ɗan iskan tsoho yana tara masa jama'a su yi masa dariya. Sau uku ana haka: Baba ya maƙale, Vernon ya yi masa ba'a, Baba ya rama. Mutane sun kai arba'in, wasu sun ɗaga wayoyi. Ni kuwa duk zagi ɗaya sai in ji kamar a fuskata aka tofa.

A karo na huɗu Baba ya daɗe a maƙale. Leɓensa na dama ya saki, yawu ya ɗan gangaro.

"Me ya faru, Minista? Ka haɗiye haƙoran robar ne? Ko huɗubar ce ta toshe bututu?"

Ban san lokacin da na saki tsanin ba.

"Kai! Rufe mana baki, tsohon banza!" Muryata ta direbar bas ce, har masu musun addini sai da suka waigo. "Ba ka da kunya? Mutumin nan shanyewar jiki ya yi! Wata bakwai yana koyon faɗin sunansa! Ni nake masa wanka, ni nake ɗaure masa takalmi, sannan ka zo ka mai da shi abin dariya?"

Vernon ya matso, ya yi ƙasa da murya. "'Yar nan, yi shiru. Don Allah koma ki riƙe tsanin."

"Ni ba 'yarka ba ce! Ku kuma da kuke washe baki, ba ku da iyaye ne? Ku dubi hannunsa! Baba, fito da hannun su gani!"

Wuri ya yi tsit. Wayoyi suka fara sauka. Wata mata ta dafa ƙirji ta ce wayyo. Vernon ya ja da baya ya tsaya kansa a ƙasa, ni kuwa na tsaya ina haki, ina jin na yi abin kai.

Baba ya buɗe baki zai ci gaba. "Hukuma," ya ce. "Hukuma ta..." Ya dubi inda Vernon yake. Vernon bai ɗago ba. "Hukuma ta..."

"Yi a hankali, baba, muna jin ka," in ji wani saurayi cikin ladabi.

Baba ya sake gwadawa, babu abin da ya fito. Sai matar nan ta fara tafi, sauran suka bi, tafi mai taushi irin wanda ake yi wa ɗan makaranta da ya manta karatunsa a gaban iyaye. Suna tafawa suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Minti biyu ba a yi ba wurin ya koma fili. Baba ya sauko da baya da baya, na miƙa masa hannu ya ture.

Ya kama hanya yana jan ƙafa, na bi shi da tsani. Ruwa ya sauko muna tsallaka titi, dole muka fake a ƙarƙashin Marble Arch, ƙofar nan ta farin dutse da ba ta shiga gidan kowa, tare da baƙi masu ɗaukar hoto. A nan ya juyo. Abin takaici, da fushi ya zo kalma ko ɗaya ba ta ɓace masa ba.

"Wa ya aike ki?"

"Baba, zagin ka fa yake yi!"

"Wa ya aike ki, Maxine? Shekara talatin da ɗaya an jefe ni da tumatir a wurin nan, an ce mini mahaukaci, an ce mini jaki. Ba a taɓa tafa mini ba! A nan ba a tafa wa mai rai!"

"To sai in tsaya ina kallo yawu yana zubo maka suna dariya?"

"Sun tsaya ko ba su tsaya ba?"

Tambayar ta ƙara tunzura ni. Na ce ai da na sani da na bar shi a gida, na ce wata bakwai ban yi barcin kirki ba, ga tukuicin da na samu. Muna cikin haka sai ga Vernon ya shigo a jiƙe, ruwa na ɗiga daga bakin hularsa. Ni ya fara duba.

"Kina tsammani makaho ne ni? Tun da na hango hannun a aljihu na gane. Huɗubar nan na haddace ta fiye da shi. In ya maƙale in jefa masa kan zaren, ya kama, mutane su ɗauka faɗa muke. Shi ke nan aikin. Ke kuma kika shigo sharo ba shanu."

"Ai sai ka ci gaba da na yi magana," na ce.

"In zagi mara lafiya a gaban mutum arba'in da suka san mara lafiya ne? Duk 'yan Kusurwa sun ji ki. Mako mai zuwa in na buɗe baki, ni za su kora."

Ya juya wajen Baba. Ya cire hular, ya riƙe ta da hannu biyu a ƙirji. Sai a lokacin na ga ashe shi ma tsoho ne tukuf, kansa ba gashi.

"Yaya ƙarfin jikin, Mista Tulley?"

Baba ya yi baya kamar an mare shi.

"Mayar da hularka," ya ce. "Zage ni."

"Ambrose..."

"Zage ni mana, Vernon! Ba 'yan Kusurwa a nan, ba wanda ya san mu. Ce mini Minista. Faɗi!"

Vernon ya buɗe baki. Ya dubi leɓen da ya karkace, ya dubi hannun da yanzu ya zamo daga aljihu yana lilo. Na tsaya ina roƙon Allah a zuciyata mutumin nan ya zagi ubana, ya yi masa zagin da bai taɓa yi ba.

"Allah ya ƙara sauƙi," in ji Vernon a hankali.

Baba ya kawar da kai. Sannan ya mayar da hannun cikin aljihu da ɗaya hannun, ya ce da ni ba tare da ya dube ni ba, "Kai ni gida."