Makirfon da Ba Ya Ji

Lado ya cika Ƙofar Kaura da labarin ya buɗe sutudiyo, alhali laftof ce kawai a zauren gidansu. Ba shi da ɗan akwatin da ake haɗa makirfo da kwamfuta, don haka babban makirfon da ya kafa ado ne kawai, wayarsa tana yashe a ƙarƙashin tebur. Ɗan ramin da ke jikin laftof ɗin ne ke ɗaukar murya.

Ranar Asabar kawunsa Abbas ya zo da waƙar da ya tsara don bikin 'yarsa. Ya gyara hula, ya riƙe makirfon, ya dage yana rerawa har jijiyar wuyansa ta tashi. Lado na gaban laftof yana gyaɗa kai.

"To, sa mu ji," in ji Kawu.

Lado ya danna. Muryar Kawu ta fito can nesa, kamar daga gidan maƙwabta. Sai ga wata murya tar, kusa-kusa: "Kai, wannan ai kukan akuya ne."

Muryar Lado ce. Ya manta bakinsa ya fi kusa da ramin.

Gumi ya keto masa. Kawu ya bi wayar makirfon da hannu har ya zaro kanta daga ƙarƙashin tebur, ya duba, ya ajiye.

"Kawu, don Allah..."

"Matsa mini, ɗan nan," Kawu ya ce yana jawo kujera. "Tunda nan ake ji, bari akuyar ta sake daga farko."