Rawanin Maccido

Ni Kyauta ba a taɓa ni in yi shiru. Duk garinmu Liba an san haka, masu sayen gabu wurina a kasuwar Aliero ma sun sani. Malam Bala na Jega ne kaɗai bai sani ba, don shi bai taɓa ɗaga ido ya dubi mai tallan busasshen ganyen albasa ba.

Maccido ƙanena ne, ciki ɗaya. Ni na goya shi bayan rasuwar innarmu, ni kuma na ɗauki ƙunshin kayansa ran da babanmu ya kai shi Jega wurin Malam Bala. Lokacin makarantar rumfar kara ce jingine da katanga, yaran ba su taka kara sun karya ba, Malam ɗin ma rigarsa ɗaya. Maccido ya sauke allo da wuri, ya shiga littattafai, har ya kai ga tafsiri. To, al'adar malamanmu ita ce, wanda ya kai tafsiri ƙarshe a gaban malaminsa, sai a tara jama'a a naɗa masa rawani. Daga ranar ya zama malam, ya koma garinsu ya buɗe tasa makarantar. In babu rawanin nan, ko ka haɗiye littattafan duniya sunanka ɗalibi. Babanmu ya rasu yana jiran wannan rana, jiran ya dawo kaina.

Ana nan sai Nasara suka ci ƙasa. Hanyoyi suka yi lafiya, kasuwar Jega ta cika ta batse da fatake. Aka kuma fara raɗe-raɗin hakimai za su riƙa ɗibar yara ana kai su makarantar Nasara. Kowane uba ya ce gara dogari ya zo ya tarar ɗansa yana hannun malami. Sai aka yi ta kwararo yara Jega, daga Sabiyal, daga Jiga Makera, daga Maiyama, daga garinmu. Rumfa ta zama zaure, zaure ya zama soro, aka rushe katangar maƙwabci aka ƙara fili. Hatsin da iyaye ke kawowa sai da aka gina masa rumbuna. Malam Bala ya yi wuya, ya yi doki, ya daina zama da yara masu majina. Shi sai 'ya'yan attajiran goro, a soron ciki, bisa darduma.

To wa ke karantar da sauran? Maccido mana! Shi ke rubuta allo, shi ke biya wa yara, shi ke kai su gonar Malam, shi ke jinyar mai ƙyanda. Ko 'ya'yan attajiran, in sun fito daga soron ciki kansu ya kulle, wurinsa suke zuwa ya warware musu.

Malam Bala ya san ran da ya naɗa wa Maccido rawani ya rasa shi. Sai ya samo dabara. Duk sanda tafsiri ya kusa ƙarewa, saura izu biyu, sai ya ce an yi baƙin ɗalibai, bai kyautu a bar su baya ba, a koma farko. Karon farko na ce adalci ne. Karo na biyu na yi tsaki. Shekaru suka yi ta tafiya. Zubaida da aka yi wa Maccido alkawarinta sai bayan rawani, ta gaji da jira ta yi aurenta a Maiyama, kuma ban ga laifinta ba. Har Aliero na je wurin wani malami na roƙe shi ya ƙarasa wa ƙanena izu biyun nan. Ya ce, "Ke baiwar Allah, ba a ƙarasa ɗalibin wani sai da izinin malaminsa."

Na sami Maccido na zazzage masa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Malam ya fi mu sanin lokacin da ya dace."

Na ce, "Lokacin da ya dace da shi dai. Kai kam Allah ya yi bawa!"

Wata ranar kasuwar Aliero, da kaka, labari ya iske ni ina cikin ciniki. Wai Malam Bala zai naɗa rawani. Na miƙe zan rangaɗa guɗa, sai aka ce ai ba na Maccido ba ne, na wani yaro ne mai suna Bature, ɗan wani attajirin goro, wani fari mai kumatu da ya zo makarantar jiya-jiya. Maccido ne ya koya masa kusan komai, Malam ya ja shi soron ciki ya ƙarasa masa izu biyun a ɓoye. Na koma na zauna a kan kayana. Na rantse a raina sai na ga soron nan ya koma kango.

Kusa da ni akwai Gado, manomin albasa daga Sabiyal, ɗansa Mamman yana makarantar. Ya ga halin da nake ciki ya girgiza kai.

Ya ce, "Ni fa ko fuskar Malam Bala ban taɓa gani kusa ba. Ran da na kai Mamman, aikowa ya yi wai shina da baƙi, in kai wa Maccido. A hannun ƙanenki na sa hannun ɗana. Shi na ce wa ga amana, shi ya ce ya karɓa."

Na juyo na ce, "Mi ka ce, Gado? Maimaita."

Ya maimaita. A wurinmu wannan ba wasa ba ne. In uba ya kama hannun ɗansa ya sa cikin hannun malami, malamin ya ce ya karɓa, to shi Allah zai tambaya, kuma inda ya sa ƙafa nan yaron zai bi. Malam Bala ya fi kowa sanin haka. Girman kai ne ya hana shi fitowa ƙofa don talaka mai ƙafa da faso.

Daga ranar na bar zama wuri ɗaya. Na ɗauki tallana na ci kasuwar Maiyama, na ci ta Aliero, na bi Jiga Makera gida-gida. Duk uban da na san ɗansa na Jega, tambaya ɗaya nake masa: a hannun wa ka sa ɗanka? Amsar ɗaya ce, Maccido. Sai in ce, "To, ana walima a makarantarku, ku zo ku ga yadda ake saka wa mai amanarku." Gado kaɗai na buɗe wa cikina. Ya ce, "In dai Maccido ya bar gidan, ɗana ba ya kwana ciki."

Saura abu ɗaya. Na san ƙanena, ko wuta aka kunna masa ba zai bar malaminsa da ƙafarsa ba. Sai dai a kore shi. Na kuma san Malam Bala, ba ya jure a ɗaga masa murya a bainar jama'a. Ban faɗa wa Maccido komai ba.

Ranar walima da hantsi fili ya cika maƙil. An yanka sa, malamai sun zo daga Aliero da Maiyama sun jeru a inuwa, attajirai sai ƙamshin turare. Iyayen yara na ƙauye suna can gefe a rana, ba wanda ya ba su tabarma. Mu mata muna bayan zana. Maccido kuwa, shi ke zirga-zirga da akussa. Bature ya durƙusa, Malam Bala ya ware farin rawani ya fara naɗawa. Sai na ture zanar na fito tsakar fili.

Na ce, "Allah gafarta Malam, tambaya gare ni!"

Kowa ya juyo. Ya dube ni a yatsine ya ce, "Wace ce wagga?"

"Yayar Maccido ce, wanda kake ci da guminsa. Wanga yaro da kake naɗa wa, wa ya koya masa abin da ya sani? Izu biyun da ka ɓoye wa ƙanena, a rumbu ka zuba su ko a ƙarƙashin gado?"

Aka ɗauki salati. Maccido ya saki akushi ya rugo yana cewa, "Yaya, don girman Allah!" Na fizge hannuna na ƙara da wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Jijiyar wuyan Malam Bala ta tashi, ya saki naɗin, rawanin Bature ya zame ya rufe masa ido ɗaya.

Ya daka tsawa: "Maccido! Kwashi yayarka da buzunka ku fita min daga gida! Kada in ƙara ganin ƙafarka a nan!"

Kai, daɗi kamar an zuba min ruwan randa a ka.

Maccido ya zube yana roƙo, Malam ya kau da fuska. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya shiga ya ɗauko buzunsa da gafakar littattafansa, ya nufi ƙofa yana share hawaye. Sai Gado ya miƙe daga cikin rana.

"Mamman! Ɗauko allonka ka bi malaminka."

Wani daga Jiga Makera ya kira nasa. Wani daga Maiyama ya kira nasa biyu. Kan ka ce me, yara na ta fitowa daga kowane lungu da alluna da tabarmi a ka.

Malam Bala ya miƙe tsaye. "Ina za ku kai min yara?"

Gado ya ce, "Allah gafarta Malam, ran da na kawo shi kana da baƙi."

Malam ya waiwayi malamai 'yan'uwansa ko za su sa baki. Wani tsoho daga Maiyama ya shafa gemu ya ce, "Malam Bala, in dai a hannun yaron aka sa su, ba mu da ta cewa. Ka san hukuncin." Muka fita muka bar su da naman sa da Bature mai rabin rawani.

A Liba mutane suka kafa rumfa cikin yini guda. Maccido ya ci gaba da karantarwa, don amana ce ba yadda zai yi, amma ya daina shiga ɗakina, kuma duk wanda ya kira shi Malam sai ya ce, "A'a, ɗalibi ne." Wannan ya ci min rai, sai dai na san abin da nake jira. Hatsin iyaye ya juyo Liba. Attajirai suka ga ba mai warware wa 'ya'yansu karatu, suka janye su ɗaya bayan ɗaya. Damina ta faɗi, ciyawa ta cinye gonar Malam. Ni kuwa duk ranar kasuwar Jega sai na bi ta ƙofar soron da tallana a ka, in tsaya in leƙa filin da kaji ke kiwo, in ƙoshi da kallo, sannan in wuce.

Bayan an cire amfanin gona, sai ga Malam Bala a kan jaki, dokin ma an rabu da shi. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya sauka a ƙofar rumfa ya ce ya zo ya ƙarasa wa Maccido karatunsa. Maccido ya fashe da kuka, ya shimfiɗa masa nasa buzun ya zauna a ƙasa. Ina daga bayan danga ina jin su. Ka san Allah, abin da aka riƙe wa yaron nan tun yana saurayi, kasuwa ba ta zagayo ba sun gama shi.

Ranar naɗi duk Liba ta fito, Gado da mutanen Sabiyal suka zo, mutanen Jiga Makera suka zo. Na ci ado na tsaya gaba-gaba, na kama hancina ina shirin guɗar da za a ji har Jega. Maccido ya durƙusa gaban Malam Bala ya cire hularsa.

Kan fari fat. Furfura daga goshi har ƙeya, ba baƙin gashi ko na magani. Rabona da in ga kansa ba hula tun yana yaro ina yi masa aski da kaina. Yaron da na goya a bayana, ya tsufa yana ɗaukar akussan wani, bai yi aure ba, bai haifa ba. Na saki hancina, na fasa guɗar. Na tsaya ina kallo har aka rufe furfurar da rawani aka shafa fatiha.

Da jama'a suka koma kan abinci, Malam Bala ya lallaɓo inda nake, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Yayar Maccido, buƙatarki ta biya. Na san iyayen yaran nan maganarki suke ji. Ki sa baki su mayar min ko rabi ne. Gidan ya yi min girma."

Na ce, "Malam, ka ga kan yaron nan da ya cire hula?"

Ya ce ya gani.

Na ce, "To, ran da gashin nan ya koma baƙi, ka aiko."

Na sa aka janyo masa jakinsa, aka tallafa masa ya hau. Ya kama hanyar Jega shi kaɗai.