Rigar Mahaukaci

Wa ya fi kusa da abu, wanda ya gan shi ya yaba ya wuce, ko wanda ya tsaya a kansa shekara da shekaru yana lissafa aibinsa? Tela bai san amsa ba, kuma da wuya a samu wanda zai rantse a kan tasa. Abin da ya sani shi ne tambayar ta same shi da safe, yana tsakiyar yanka wuyan riga, allura a baki, wayarsa na ta ƙugi a kan teburin yanka kamar an rufe ƙwaro a gwangwani.

Ya ajiye almakashi ya duba. Zauren masu lambu ne, wannan taron na cikin waya da mutanensa ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, amma kowa ya san lambun gidan kowa. Akwai wata tsohuwar malamar makaranta da ake kira Shugaba, mai raba faɗa. Akwai Mai Tumatir, wanda a wurinsa duk shukar da ba ta shiga tukunya ɓarnar ruwa ce. Akwai Sarauniyar Fure, wadda ko ciyawar bakin kwata aka ɗora sai ta aiko da jajayen zukata. Shi kuwa Tela sun raɗa masa Almakashi, domin duk hoton da aka sa, maganarsa ɗaya ce: a rage wannan reshe, a daidaita wancan.

Babban abokin cacar bakinsa shi ne Mai Kurmi, wani tsohon direban babbar mota da ya bar tsakar gidansa ta zama daji. Abin alfaharin tsohon wata shuka ce mai yaɗo da ƙaya, mai fure kamar takarda. Ya aurar da rassa iri-iri a gindi ɗaya, har ja da ruwan lemo da shunayya suna fitowa a jiki guda. Ranar da ya fara sa hotonta, Tela ya rubuta cewa wannan ai rigar mahaukaci ce, ƙyalle nan ƙyalle can. Sunan ya bi ta. Tsohon ma da kansa ya karɓe shi, kullum ya ɗora sabon hoto sai ya rubuta, ga rigar, Almakashi, zo ka auna.

Yau ba tsohon ne ya yi rubutu ba, 'yarsa ce da wayarsa. Ta gaishe da iyaye da yayye, ta ce Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, yana asibiti, in an sallame shi wurinta zai koma, a saman bene, inda babu ƙasa ko ta cikin tafin hannu. Mai gidan da yake haya ya sayar, magina za su shiga gobe da safe su zuba kankare a tsakar gida. Shuke-shuken tukwane maƙwabta sun raba. Saura babbar, wadda sai an haƙa. Baba ya ce a ba Almakashi.

Da farko zauren ya ɗauka wasa ne. Bayan addu'o'in samun sauƙi sai fuskokin dariya suka fara zuba. Tela ya karanta saƙon sau da yawa. Ya tuna nasa lambun na bayan gida, ɗan fili kamar shimfiɗar tabarmi kaɗan, fari da kore kawai, shinge a aske kamar da tef aka auna, a tsakiya kuma ɗan itacen nan da ya daɗe yana yi wa aski har ya zama ƙwallo. Wurin nan na tsakiya kaɗai ke samun rana sosai. Ya rubuta: Allah ya ba shi lafiya, amma ba ni da wuri, kuma ba na son ta.

Nan take aka yi masa ca. Sarauniyar Fure ta ce ita ba ta taɓa ganin mutum mai busasshiyar zuciya irinsa ba. Mai Tumatir ya ce a bar bawan Allah, gara shi ya faɗi abin da ke ransa, abin da ba a ci ina amfanin jigilarsa. Shugaba ta ce kowa da abin da idonsa ke so, ba a tilasta wa mutum kyau, sai ta tambaya ko akwai wanda zai ɗauka a cikin masu son ta. A nan zauren ya yi sanyi. Sarauniya ta ce da gudu za ta karɓa, sai dai ƙaya ga ƙananan yara. Wata ta ce maigidanta ba ya son ganye na zuba a ƙofar gida. Wani ya ce akuyar maƙwabcinsa ba ta da mutunci.

Tela ya koma kan aiki, amma alli ya ƙi bin hannunsa. Abin da ke cinsa ba zagin ba ne. Ya saba ɗaukar kansa mutumin da ba ya yabon abin da bai gamsar da shi ba, yana ganin wannan ita ce gaskiya. To in ya karɓi shukar, ya yi ƙarya da hannunsa ke nan. In ya ƙi, ya yi gaskiya, gobe kuma kankare ya hau kanta. Ya rasa dalilin da ya sa gaskiyar ta fi yi masa nauyi a ƙirji.

Da matarsa ta kawo masa abincin rana ta same shi yana warware ɗinkin da ya karkace. Ya ba ta labari a taƙaice, yana sa ran ta goya masa baya, tunda ita ke share lambun.

"Baban yara, ni ban ce ka ɗauka ba," in ji ta. "Amma mutumin da abincinka ke hucewa kana rubuta masa amsa, shi za ka ce wa a'a ta waya? Ko mai kawo maka ɗinki sai ka dubi idonsa kake cewa ba za ka iya ba."

Ya rufe shago ya hau bas.

Ɗakin marasa lafiyar dogo ne, gadaje a jere, warin maganin wanke ƙasa ya cika ko'ina. Wata mata mai jajayen idanu, 'yar tsohon, ta taso ta tare shi, ta ce ko Kawu Almakashi ne, ta rusuna ta gaishe shi, ta kai shi gadon da ke kusa da taga. Tela ya daɗe yana zana Mai Kurmi a ransa, ƙato mai faɗin ƙirji da babbar murya. Sai ga ɗan tsoho ƙanƙani, bakinsa ya karkace gefe ɗaya, hannun dama a ajiye kan bargo kamar ba nasa ba.

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. Maganarsa na fita a hankali, wasu kalmomin sai 'yar ta maimaita.

"Ashe gajere ne kai. Yadda kake sara a zaure na ɗauka sai ka sunkuya kake shiga ɗaki."

"Ni ma na ɗauka za ka fi haka tsari," in ji Tela. Sai ya ji kunya, amma tsohon ya yi dariya da rabin bakinsa har tari ya kama shi.

Suka yi gaisuwar jiki. Tela ya zauna a kan kujerar roba, ya faɗi abin da ya kawo shi ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce ya zo ne ya faɗa da bakinsa cewa ba zai iya ba. Ya ce akwai mutane da yawa a zaure da ke mutuwar son shukar, me ya sa sai shi da ya fi kowa kushe ta.

Tsohon ya ce waɗancan hoto suke so. Ya tuna masa lokacin da shi Tela ya rubuta cewa reshen shunayya ya fi ƙarfin sauran, zai danne su. Ya ce a ranar kowa zukata ya aiko, Tela kaɗai ya ga haka, kuma da shi tsohon ya fita ya duba, haka ne.

"Don na ƙi jininta ne na gani," in ji Tela.

"Ina ruwana da dalili. Ka dai duba." Tsohon ya huta, ya haɗiyi yawu. "Kuma ba a cire ta da rigarta. Sai an sare ta ƙwal, a bar mata dungu, in ba haka ba ta mutu a hanya. Masu son ta ba za su iya ba. Ni ma ko da hannuna na aiki ba zan iya ba. Kai kuwa ai daɗi za ka ji."

Tela ya dubi taga. Ya so ya ce wannan ba adalci ba ne, a ɗauki halin da aka yi shekaru ana zaginsa a kai, a mayar da shi igiyar ɗaure shi. Amma ya ce kawai wurinsa ɗan kaɗan ne, kuma ya riga ya tsara shi yadda ransa ke so. Tsohon bai roƙe shi ba. Ya ce to, ba komai, ya gode da zuwa, ya lumshe ido. Rashin roƙon ya fi roƙo ciwo. A bakin ƙofa 'yar ta gaya masa inda gidan yake, ta ce mijinta na can yana kwashe kaya har yamma, ta ce ba don komai ta faɗa ba.

A cikin bas, an matse shi tsakanin taga da wani mai kwali a cinya, ya ciro waya. Zauren ya riga ya samu mafita. Sarauniyar Fure ta kawo shawarar a mayar da hoton shukar ya zama hoton zaure, don a riƙa tunawa da ita, Shugaba ta sa aka kaɗa ƙuri'a, kowa ya amince, har da Mai Tumatir. Ga ta nan a ɗan da'irar da ke saman allo, launukanta na ihu. Ana ta rubuta yadda za a yi kewarta, kamar an riga an dawo daga binne ta, alhali tana can a tsaye tana shan rana.

Bai yanke shawarar komai ba. Ya dai ji bakinsa ya ce wa kwandasta akwai sauka.

Ya samu surukin tsohon yana ɗora katifa a bayan motar ɗaukar kaya. Da ya shiga tsakar gidan sai ya tsaya. Ta fi yadda take a hoto muni. Ta haye katanga, ta rungume bututun ruwa, launukan sun cakuɗe babu babba babu yaro. Ya tsuguna ya ɗaga rassan ƙasa don ya ga gindin, a nan ya ga wuraren auren. Kowane reshe ya shiga jikin uwar sumul, tabon ya warke kamar kabun da sai ka shafa da yatsa kafin ka san yana nan. Hannun da ya yi wannan ba hannun mahaukaci ba ne. Ya daɗe a tsugune.

Surukin ya samo masa almakashin lambu da zarto a cikin kayan tsohon, ya ari diga da shebur wurin maƙwabci. Tela ya naɗe hannun riga ya fara sara. Bai ji daɗin da aka yi masa alkawari ba. Yana yanke kowane launi sama da wurin aurensa, yana barin ɗan dungu mai idanu, furanni na zuba a kansa da kafaɗunsa, ƙaya na tsaga masa bayan hannu, hannun da gobe zai riƙe farin yadin mutane. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce wane marar imani ne wannan. Surukin ya ce mata likita ne.

Suka haƙa kewaye da nisa, suka ɗago saiwar da ƙasarta, suka naɗe da buhu suka ɗaure. Abin da ya rage a ƙarshe wani karkataccen kututture ne mai 'yan yatsu, ba ganye ba fure. Aka ɗora shi tsakanin katifa da kabad.

Rana ta yi sanyi lokacin da motar ta tsaya a ƙofar gidansa. Matarsa ta fito, ta dubi kututturen, ta dubi hannayensa da suka sha yaga.

"Wannan ce ake ta rigima a kanta? Ai ko a icen girki ta yi muni."

"Ba ki ga komai ba, sai ta yi fure," in ji shi.

Ya wuce lambunsa ya tsaya gaban ɗan itacensa mai kan ƙwallo. Ya zagaya shi sau ɗaya, ya shafa samansa, ya ce wa matar ta kawo tsohon bahon nan na wanki, itacen zai zauna a ciki a bakin ƙofa kafin a ga abin da hali zai yi. Sannan ya kafa shebur. Ƙasar mai laushi ce, ta sha taki da kulawa, ba ta yi masa gardama ba. Ya ciro nasa, ya faɗaɗa ramin, suka ciccibo baƙuwar su biyu suka saka.

"Riƙe min ita a miƙe," in ji shi.

Ta juya kututturen dama, ta juya shi hagu. "Baban yara, ta ina ne miƙen?"

Ya ja baya ya rufe ido ɗaya, yadda yake duba kabu. Ta ko'ina aka bi a karkace take. Ya ce ta sake ta kawai. Kututturen ya ɗan kwanta wajen shingen da ya fi kowanne daidaito, ya tsaya a haka. Tela ya sunkuya ya fara mayar da ƙasa.