Turaren da Ya Shiga Majigi

Duk ranar Juma'a da hantsi A'i takan taso daga Ƙofar Wambai ta Bauchi da kaskonta a jaka, ta hau keke zuwa GRA, gidan Alhaji Ladan. Sana'arta haɗa turaren wuta, a wajen kakarta ta gada. Matar gidan, Hajja Fatimatuzzahra, ba ta sayen kwalba ta ajiye kamar sauran mutane. So take A'i ta zo da kanta ta turara ɗakunan, ɗaya bayan ɗaya. Ta hannun Hajja ta samu duk matan layin, kuma bikin Jannatu, 'yar gidan, saura wata uku, an ce ita za ta haɗa turaren amarya. Tun a lokacin A'i ta jiƙa hawinta, itacen da take haɗa turaren da shi.

A farkon damina Alhaji ya dawo daga tafiya da majigi. Ba irin wanda ake kafawa a fili ba ne, na cikin ɗaki ne, baƙi, girmansa kamar akwatin lefe ƙarami. Ya sa aka toshe tagogin falon baya, aka shafa wa bango baƙin fenti, aka rataye na'urar a silin. Idan aka kunna, ɗan ƙwallo yakan fito a bango da tsayinsa na gaske, har gumin goshinsa ana gani.

A'i ba ta kalli bangon ba. Ita abin da ta gani shi ne ɗaki babu taga, ga kafet, ga kujeru masu laushi, ga maza takwas suna wuni a ciki da safa.

"Hajja, wannan ɗakin ya fi kowanne bukata," in ji ta a hankali.

"Ai kin ji abin da nake ji," in ji Hajja. "Shiga."

Ranar farko hayaƙin ya tsaya wuri ɗaya, ya ƙi zagayawa. Rana ta biyu aka yi sa'a an bar majigin a kunne, sai A'i ta lura akwai fanka a cikinsa. Yana zuƙar hayaƙi ta gefe ɗaya, yana furzar da shi ta ɗayan, da ɗumi-ɗumi, har lungun ƙofa. Ta nuna wa Hajja. Hajja ta duba sama ta ce, "Ashe yana da amfani."

Daga nan abin ya zama tsari. Hajja ta danna rimot, A'i ta ɗora kasko a kan kujerar roba daidai ƙarƙashin na'urar, ta zuba turare cokali biyu a garwashi, su ja ƙofa. Ɗakin ya riƙa ƙamshi har wata Juma'ar. Abokan Alhaji suka yaba.

A mako na bakwai 'yan ƙwallon suka fara yin rawaya kamar masu shawara. A na takwas farar riga ta koma ruwan ƙasa, ciyawar fili ta yi kalar miyar kuka. Alhaji ya kira Joel, mai gyaran da ya haɗa masa na'urar, aka yi rashin sa'a ya zo ranar Juma'a. A'i tana bakin ƙofa da kaskonta a hannu.

Joel ya hau tsani, ya kwance murfin, ya tsaya. Ya sunsuna. Ya sake sunsunawa.

"Yallaɓai, injin nan yana zuwa biki ne?"

"Kai, duba mini abin da na kira ka."

Joel ya zaro wani soso daga gefen na'urar, ya yi baƙi ƙirin yana danƙo. Ya haska fitilar wayarsa ciki, ya girgiza kai, ya sauko mataki ɗaya don a ji shi sosai.

"Yallaɓai, ka san inda ake ƙera irin wannan? Ɗaki ne a rufe ruf, iskar ma sai an tace ta kafin ta shiga. Ma'aikatan farin kaya suke sawa tun daga kai har ƙafa, da safar hannu, baki a rufe, ido kawai ake gani. Ba a shiga da hoda, ba a shiga da turare. Gilasan nan na ciki, fiye da goma ne a jere, ana goge kowanne har ya yi santsin da ido ba ya iya aunawa. Sannan a daidaita ja da kore da shuɗi su hau kan juna, kuskuren da bai kai silin gashi ba sai a sake. A kunna shi a gwada, sannan a naɗe a leda, a sa a jirgi."

"To?" in ji Alhaji.

"To ya iso Bauchi an yi masa turaren jiki."

A'i ta dubi kaskon hannunta. Babu inda za ta ɓoye shi, yana hayaƙi. Ta tuna hawin da ke jiƙe a gida, da kwalabe arba'in da ta wanke ta kife a kan tabarma.

Alhaji ya juyo. "Ke ce?"

"Ni ce, Alhaji."

"Wa ya ce ki sa masa hayaƙi?"

Hajja tana zaune a kujerar gaba tana gyara ɗankwali.

"Daga yau kada na sake ganin kaskon nan a gidana," in ji Alhaji. "Kin san daga inda abin nan ya zo?"

"Tsaya, Alhaji," in ji Hajja. Ba shi take kallo ba. "Joel, ka ce turaren ya kama gilashin?"

"Ya kama, Hajja. Har inda iska kaɗai ke bi ya shiga."

"Goge shi mu gani."

Joel ya ɗauko ƙyalle mai laushi da wani ruwa a 'yar kwalba, ya goga a kan gilashin. Ya sake gogawa. Ya kai hanci.

"Yana nan."

"Zai fita?"

"Datti zai fita, in na tafi da shi shago na yi mako a kansa. Ƙamshin kam, gaskiya ban yi alkawari ba."

Hajja ta gyaɗa kai kamar wadda aka kawo wa sakamakon asibiti mai kyau.

"Ka ji ko, Alhaji? Shekara nawa ina sayen turare, kafin la'asar ya gudu. Wannan ya kama gilashi, an sa masa magani ya ƙi fita. Shi zan fasa saya wa 'yata?"

"Hajja, maganar majigi ake yi."

"Majigin ni na kunna. Sau takwas. A'i ko rimot ba ta iya riƙewa ba."

Alhaji ya dubi Joel. Joel ya duƙufa yana ƙirga sukurori a tafin hannunsa.

A ƙarshe aka sauke na'urar, aka naɗe ta a bargo, Joel ya fita da ita a rungume, ƙamshi na bin sa har mota. Alhaji ya kulle falon baya, ya jefa makullin a aljihu, ya ce ɗakin nan ya fita daga hannun mata har abada. Sauran ɗakunan bai ambace su ba.

"Kwalba nawa muka ce?" Hajja ta tambaya bayan ya fita.

"Arba'in, Hajja."

"Mai da su sittin. Dangin angon suna da yawa." Ta leƙa kaskon. "Garwashinki ya kusa mutuwa. Fara da ɗakin Alhaji, kafin ya dawo daga masallaci."