Zakara Babu Ƙundu

Motar ta kusa shiga Umuahia ke nan, Ulomma na rungume da kula a cinya, sai matar da ke gefenta ta shaƙi ƙamshi ta tambayi ko mene ne a ciki. Ulomma ta ce zakara ne guda, tun jiya ta soya, tsarabar matar wan mijinta.

"Kin dai sa ƙundun a sama ko?" in ji matar. "Kada a yi ta tono ana nema."

Ulomma ta buɗe baki za ta amsa, sai ta tsaya. Ta tuna mai figar kaji a kasuwar Aba yana miƙo mata leda, ita kuma tana waya da wata mai jiran ɗinki. Ta wanke, ta yayyanka, ta soya. Cinya ta gani, fiffike ta gani, har hanta. Ƙundu fa? Masu figar birni sukan ware shi su tara wa masu tsire, in ba ka tambaya ba, ba ruwansu. Ita kuwa ba ta tambaya ba.

Abin haushin shi ne bana babu wanda ya kai ta shiri. Tela ce, ta san yadda Disamba ke cinye mutum ɗanye, don haka ta ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun Oktoba ta sayi atamfar uwargidan da za ta sauke su, ta ɗinka. Buhun shinkafa ya riga su isa ƙauye da mako uku. Mijinta Okwudili ya so a tafi da zakaran da ransa kamar yadda aka saba, ta ce ba za ta shiga mota da abin da zai ɓata mata zane ba, a bar ta ta yi abinta a tsanake.

Ga shi tsanakin ya jawo mata. A al'adarsu ƙundun kaza rabon babba ne, ko yaron goye ya san haka. In aka kai kaza gidan babban wa babu shi, to wani ya ci, kuma wa za a ce in ba ƙanen ba? Shekara biyu ke nan Okwudili da wansa Dede Ezenwa ba sa ga maciji, tun ranar jana'izar mahaifinsu da Okwudili ya fasa goro gaban dangi alhali wansa mai haƙƙin fasawa na zaune. Bana ne Daa Nwakaego, matar Dede, ta buga waya ta ce su zo Kirsimeti, za ta karɓe su. Ƙofar da aka buɗe da ƙyar, ita Ulomma za ta rufe ta da hannunta.

Ta hango ƙeyar mijinta a kujerar gaba. Tun safe bai ci komai ba, yana ta bitar abin da zai faɗa wa wansa. Ba ta iya gaya masa ba.

A tashar Umuahia ta ce za ta zaga, ta ruga layin masu kaji. Kejin kajin duk wayam, babu komai sai gashi. Wata mai sayarwa da ke share wurinta ta dube ta sama da ƙasa.

"Jajibirin Kirsimeti kike neman kaza, 'yar'uwa? Ina kika shiga tun Oktoba?"

Mai tsire a bakin tasha ya ce yana da ƙundu, amma an yanka ƙanana an tsire a tsinke, ya sha yaji. Ta tsaya tana kallo har ya tambaye ta ko lafiya. Wayarta ta yi ƙara, Okwudili ne, wai motar ƙauye ta cika, ita kaɗai ake jira.

Sun isa rana ta karkata. Dede Ezenwa na zaune a baranda. Okwudili ya rusuna ya gaishe shi, ya amsa da kai kawai, bai miƙa hannu ba. Daa Nwakaego ta fito tana goge hannu da zane, ta ce matarmu ta iso, ta ja Ulomma zuwa madafi.

Daa ta warware atamfar, ta duba ɗinkin wuya, ta ce ya yi, ta ajiye gefe. Sannan ta buɗe kular ta sa cokali. Ta juya naman dama, ta juya hagu. Ulomma na tsaye tana kallo. Ta ga dai gara ta faɗa da bakinta.

"Daa, babu. Mai figa ne ya cire, ban duba ba. Mijina bai sani ba, kada a ɗora masa. Laifina ne."

Daa Nwakaego ta ajiye cokalin. Ta miƙa hannu can bayan tukwane ta jawo wani ɗan kwano mai murfi, ta buɗe. Ƙundu ne guda, soyayye.

"Shekaranjiya na yanka kazata mai ƙwai," ta ce a hankali. "Na ce wa mijina mota ce ta take ta. Na san kajinku na birni, ba sa zuwa cikakku. Shekara biyu ina fama da mutumin da abinci ba ya masa daɗi saboda ƙanensa, shi kuma girman kai ya hana shi kira. Ba zan bar mai figar kaji ya ƙara mini ta uku ba."

Ta jefa ƙundun cikin miya tare da naman, ta bari ya ɗauki zafi, ta zuba, ta ɗora wa Ulomma faranti a hannu ta ce ta kai da kanta.

Ulomma ta ajiye a gaban Dede, ta koma gefe. Okwudili na zaune a bakin benci, hannuwa tsakanin gwiwoyi. Dede ya ɗauki cokali. Bai taɓa shinkafar ba. Ya ɗaga cinya ya ajiye, ya ture fiffike, a fili yake nema yake yi. Da ya samu, ya ɗaga shi ya daɗe yana dubawa.

"Zakaran Aba," ya ce, "ga ƙaton jiki, ga ƙundu kamar na kazar gida."

Ya dubi matarsa. Ita kuwa tana zuba ruwan wanke hannu, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Dede ya sa ƙundun a baki, ya tauna a tsanake har ya haɗiye. Sannan ya tura farantin tsakiya.

"Okwudili," ya ce, "wanke hannunka. Abinci na hucewa."