Inda Baba Ya Ajiye Magangarar Ruwa

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana zana taswira a hukumar gandun daji, bai taɓa taka gandu ko ɗaya ba. Haka aikin yake a ofishin nan mai fanka guda: a ciro tsohuwar taswira daga kabad, a shimfiɗa takarda a kai, a bi layi. Wanda ya ce a je a gani da ido, sai a ce masa babu mota. Aka saba, har zaman ya koma ƙa'ida.

Da likita ya ce hawan jinin ido ya cinye na hagu, na daman ma saura ƙiris, abu ɗaya Baba ya roƙa: ya ga magangarar ruwan nan da ya zana sau ba adadi. Autarsa, malamar asibiti, ta ɗauki hutu ta sa shi a mota.

Gandun farko fili ne, ciyawa har ƙugu, bareyi na ta tsalle. Na biyu fadama ce, fararen tsuntsaye birjik kamar an yi shanya. Baba ya yaba, amma hankalinsa na kan na uku, mai duwatsu.

A can aka haɗa su da wani ma'aikacin gandu da ake kira Dogo. Da suka zo inda hanya ta rabu biyu, Dogo ya yi hagu. Baba ya kafe, ya manna taswira a idonsa.

"Taswira ta ce a yi dama, ɗana. Takardar hukuma ba ta ƙarya."

"Baba, ka bi mai gari mana," in ji Auta.

"Ke allura kika sani. Dama!"

Dogo ya yi murmushi. "Mu je, ranka ya daɗe. Gani ya kori ji."

Awa guda suna hawa. Suka tarar da busasshen dutse, birai uku a kai suna kallonsu.

"Ga ruwanku," in ji Dogo. "Mu nan Kwanar Ofis muke ce mata. Duk wata sai mun fito neman baƙin da takardar nan ta ɓatar. Mun rubuta ƙorafi har hannu ya gaji. Wallahi addu'a nake in haɗu da wanda ya zana ta."

Baba ya naɗe taswirar a hankali. Kunya ta rufe shi.

"To, Allah ya amsa maka."

Dogo ya dubi Auta, ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Can ta matso ta raɗa masa zancen idon, ta ce da rana ta yi sanyi Baba ba ya ganin komai sai duhu-duhu. Ga la'asar ta kusa.

Dogo bai ƙara ko kalma ɗaya a kan taswira ba. Ya riƙe hannun tsohon ya bi da su ta yanke, yana faɗa masa inda zai sa ƙafa. Da suka iso rafi ya durƙusa.

"Hau, Baba."

"Ni da na wahalar da ku shekara da shekaru?"

"Ai shi ya sa. In na bar ka nan, wa zai gyara?"

Ƙarar ce ta fara tarar su, sannan sanyin feshi a fuska. Dogo ya sauke shi a kan wani falalen dutse. Da sauran rana. Baba ya karkata kai, ya ware idon da ya rage, ya daɗe yana kallon ruwan na zubowa daga sama.

"Ashe fari ne," ya ce. "Ni kuwa shuɗi nake shafa masa."

"Ka gani sosai, Baba?" in ji Auta.

"Na gani, Auta. Alhamdulillahi, na gani." Ya laluba ya kamo hannun Dogo da hannu biyu. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ku bar ni nan kaɗan tukuna."