Robar Magani a Jakar Royce

"Taka a hankali, Yaya, dutsen nan santsi gare shi," in ji Royce, ya miƙo hannu baya ba tare da ya waiwayo ba.

Twila ba ta kama hannun ba. Ta dogara da sandar fatsarta ta tsallake da kanta, ruwan kogin Greenbrier yana dukan cinyoyinta da wani sanyi mai ratsa haƙori. Rabonta da shiga kogin nan tun babansu yana raye. Yau ma ba don kifi ta zo ba. Ƙanen nata ne ya tashi da safe ya ce yana marmarin ruwa, ita kuma ba ta iya miƙa masa makullin a-kori-kura ya tafi shi kaɗai.

"Har yanzu kina jifa kamar mai korar kaji?" ya tambaye ta.

"Kai dai ji da kanka. Wa ya koya maka ɗaura ƙugiya in ba ni ba?"

"Baba."

"Baba ya nuna maka sau ɗaya ya gaji da kukanka. Ni na ƙarasa aikin."

Ya yi dariya, irin wadda ta daɗe ba ta ji daga bakinsa ba. Ta dube shi ta gefen ido. Ya ɗan yi kumari tun fitowarsa daga gidan gyaran masu shan ƙwaya, wuyansa ya cike, amma har yanzu wandon yana masa yawa. Ta dubi hannayensa, ba sa rawa. Ta dubi idanunsa, ƙwayar idon daidai take, ba ta tsuke kamar tsinin allura ba. Haka take yi kullum, a teburin cin abinci, a coci, a bakin ƙofar banɗaki. Ta san ya sani. Ba wanda ya taɓa yi wa wani maganar.

Royce bai fara da lalacewa ba. A ramin kwal yake aiki lokacin da dutse ya rufto ya murƙushe masa baya. Asibiti suka sallame shi da ƙwayoyin kashe zafi, bayan ya warke, ƙwayar ba ta sake shi ba. Aiki ya tafi, matarsa ta kwashe 'yarsu Junie ta koma gidan iyayenta. A bara Twila ta same shi kwance a ɗakin wankinta, leɓensa ya yi shuɗi, ta fesa masa maganin farfaɗowa a hanci tana kiran sunansa har muryarta ta dushe. Maganin yana cikin aljihun rigarta yanzu haka, a naɗe cikin leda don kada ya jiƙe. Mijinta Gaines ya yarda Royce ya zauna da su, amma ya gaya mata a fili: wannan ne karo na ƙarshe, in ya koma, ba a gidansa ba. Ranar Litinin kuma za a gwada fitsarinsa, in ya fita fes, alƙali zai bar shi ya riƙa ganin Junie.

Suka tsaya a ƙasan wani wuri da ruwa ke gangarowa da gudu a kan duwatsu, ya yi kumfa, sannan ya lafa a wani gurbi mai duhu. Royce ya kife wani dutse da ƙafa, ya cafko 'yar ƙaguwar rafi, ya soka mata ƙugiya ta wutsiya. Ya yi jifa can sama, ya bar ruwa ya kawo koton da kansa, yana bin zaren da bakin sanda.

"Ki sa bayan babban dutsen can," ya ce. "Kifin nan ƙaramin-baki malalaci ne, ba ya son kokawa da ruwa. Yana laɓe yana jira a kawo masa har gida."

"Na san wani mai irin halin."

"Gaines kike nufi? Zan gaya masa."

Ba ta kai ga ba shi amsa ba sandarsa ta lanƙwashe. Ya fizga. Zaren ya miƙe yana kuka, ya yanka ruwa ya nufi tsakiyar kogi, sai ga kifin ya yi tsalle sama gaba ɗayansa, jikinsa ruwan tagulla, yana kaɗa kai. Twila ta ji ihu ya kuɓuce mata.

"Kada ka sakar masa! Royce, dutse, zai kai ka dutse!"

"Na gani! Matsa mini, Yaya, matsa!"

Ya bi kifin yana tuntuɓe, ruwa ya kai masa ƙugu, hularsa ta faɗi, ita ta cafe ta. Kifin ya sake tsalle, ya nutse, ya ja, ya ja, kafin ya gaji ya kwanta a gefe. Royce ya durƙusa ya sa babban yatsa a leɓensa na ƙasa ya ɗago shi. Tsawonsa ya kai daga gwiwar hannu zuwa yatsu, idonsa ja, da ratsi-ratsi baƙi a gefen ciki.

"Dubi wannan dattijo," ya ce yana haki. "Ya girmi Junie, na rantse."

Ta ɗauke su hoto da waya. Ya cire ƙugiyar a hankali, ya riƙe kifin a cikin ruwa yana fuskantar inda ruwa ke tahowa, har ya motsa ya sulale daga hannunsa. Ya daɗe a durƙushe yana kallon wurin. Da ya ɗago, fuskar da ta gani ta yaron da ta goya ce. Ta juya ta yi kamar zarenta ne ya harɗe.

Da rana ta take suka fito kan wani faffaɗan dutse suka ci burodin da ta gasa da yankan nama a ciki, suka sha kofi daga fulas. Jirgin ƙasa mai ɗauke da kwal ya wuce ta ƙetare, ya daɗe bai ƙare ba. Royce yana ta murza bayansa da hannu.

"Ciwon ne?"

"Sanyin ruwa ne kawai."

"Ka tabbata?"

"Twila." Ya kira sunan a gajiye. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe wando. "Bari in zaga. Ko nan ma sai kin raka ni?"

Ta yi murmushin dole. Ya taka ya shiga cikin bishiyoyi, ya yi 'yan taku, sai ya tsaya, ya waiwayo ya dubi jakar kayan fatsarsa da ke kan dutse. Kallo ɗaya ne, gajere. Ya juya ya wuce.

Wannan kallon ne ya hana ta zama lafiya. Ta ce wa kanta ba komai ba ne, mutum yana iya duban jakarsa. Ta ƙurɓi kofi, ya yi mata ɗaci. Jakar tsohuwa ce, ta babansu, shekaru tana rataye a rumfar bayan gida, rumfar da ita ba ta taɓa bincikawa ba lokacin da ta share gidan kafin ya dawo. Ta duba ɗakinsa, ta duba mota, ta duba har cikin tankin banɗaki. Rumfar ce ba ta faɗo mata a rai ba.

Ta jawo jakar. Aljihun farko zare ne da almakashi. Na biyu kifayen roba masu ƙugiya. A can ƙasa, cikin wata tsohuwar safa, yatsunta suka taɓa wani abu mai tauri. Ta zazzage. 'Yar robar magani ce, irin wadda ake ba mutum a kantin magani, mai farin murfi. An naɗe jikinta kaf da baƙin salatif, ba a ganin abin da ke ciki. Ta girgiza ta. Wasu abubuwa ƙanana suka yi kacau-kacau.

Ranar nan ta dawo mata. Ta ga ɗakin wanki, ta ga shuɗin leɓe. Ta danna murfin ta murɗa, ya ƙi, hannunta a jiƙe yake, yana zamewa. Sai ta ji ƙarar busassun ganye a bayanta.

"Me kike yi?"

Ba ta yi shawara da zuciyarta ba. Ta miƙe, ta wulwula hannu ta cilla robar tsakiyar ruwan nan mai gudu da kumfa.

"Twila!"

Tsawar ta sa ta juyo, ba ta ga inda robar ta faɗa ba. Royce ya wuce ta da gudu, ya faɗa ruwa har gwiwa, ya tsaya yana dube-dube. Ba komai sai farin kumfa. Ya daɗe a haka, bayansa gare ta. Da ya fito, bai yi ihu ba, wannan ya fi ba ta tsoro.

"Kin san abin da kika jefar?"

"Na sani."

"Kin buɗe?"

Ta kawar da kai.

"Na ce kin buɗe?"

"Ba sai na buɗe ba. Wa ke ɓoye abu a cikin safa, Royce? Wa ke naɗe roba da salatif? Jibi-jibin nan za a gwada ka! Junie tana can tana ƙirga kwana, kai kana nan..."

"Dalmar Baba ce."

"Me?"

"'Yan dalmar da yake narkawa a gwangwani, yana tsaga su da wuƙa, muna maƙalawa a zare don koto ya nutse. Kin manta? A robar maganin hawan jininsa yake zuba su. Shi ya naɗe ta da salatif don ta tsage. Su kenan suka rage, 'yan kaɗan. Ban ma iya amfani da su, ina dai son in ji suna cikin jakar."

Ta tuna. Babansu ba ya zubar da robar magani, ƙusoshi ma a ciki yake ajiyewa. Ta tuna warin dalma a rumfa, da yadda mamansu ke faɗa. Ta zauna a kan dutsen.

Amma ta tuna wani abu kuma. Ta tuna ranar da ya dafa Littafi Mai Tsarki ya rantse mata ba shi ya ɗauki zoben mamansu ba, yana hawaye, ta yarda, har ta ba shi haƙuri, bayan mako ta ga zoben a shagon masu sayen tsofaffin kaya. Ba a taɓa yin mai iya tsara magana irin Royce ba in ƙwaya na kiransa. Kuma da guntun gaskiya ya fi iya yin ƙaryar.

Ta buɗe tafin hannunta ta dube shi. Robar ta yi nauyi, ko ba ta yi ba? Dalma nauyi gare ta, ko da 'yar kaɗan ce. Ta rufe ido ta nemi nauyin a hannunta. Wani lokaci ta ji kamar da ɗan nauyi, wani lokaci kamar fanko. Hannun bai riƙe komai ba.

"To me ya sa ka waiwayo ka kalli jakar?" ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Don na san za ki buɗe." Ya zauna nesa da ita, ya cire takalmi yana tsiyaye ruwa. "Na ce a raina, bari in gani, ko yau ɗaya za ta ƙyale ni. Ina bayan bishiya ina roƙon Allah kada ki taɓa."

"Royce, ni na ɗago kanka daga ƙasa. Kai ba ka ga fuskarka ba ranar. Ni na gani."

"Na sani, Yaya. Ban ce ba ki da hujja ba." Ya mayar da takalmin. "Abin da ya fi mini ciwo kenan. Ko ni ne ke, da na buɗe."

Ta so ta ce ya yafe mata. Kalmar ta zo har baki ta tsaya, don in ƙwaya ce a robar, to ba haƙuri ya kamata ta ba shi ba. In kuma dalma ce, haƙuri ya yi kaɗan.

Ba su sake jefa ƙugiya ba. Ya tattara kaya, ya naɗe safar ya mayar cikin jaka, suka kama hanyar komawa inda suka bar mota, can ƙasa, suna bin gaɓar kogi. Ita ce a gaba. Rana ta karkata, ruwa ya yi kwance bayan gangaren, yana tara ganye da ƙirare a 'yan lungunan gaɓa.

Sai a nan tunanin ya zo mata. In dalma ce, robar tana can ƙasan kogi tsakanin duwatsu, ba mai sake ganinta. In ƙwaya ce, ba za ta nutse ba. Ruwa zai ɗauko ta ya kawo ta ɗaya daga cikin lungunan nan.

Ta rage sauri. Duk inda shara ta taru sai ta bi shi da ido, tana neman farin murfi, tana addu'ar kada ta gani. Gwangwanin lemo. Guntun soso. Wani farin abu da ya sa gabanta ya faɗi, ashe fure ne ya faɗo daga reshe. Suka wuce lungu ɗaya, suka wuce na biyu, ba komai. Numfashinta ya fara daidaita.

Ta ankara ba ta jin takunsa a bayanta. Ta waiwaya.

Royce yana tsaye a bakin lungun da ta baro, ya ɗan sunkuya, ya sa bakin sandarsa yana ture ganyen da ke yawo a saman ruwa. Ya ɗago, idanunsu suka haɗu.

"Me kake dubawa?" ta ce.

"Kifi mana, Yaya. Me ake dubawa a ruwa?"

Ya saɓa sandar a kafaɗa ya taho. Ta matsa gefe ta ba shi hanya ya shiga gaba. Suka ci gaba da tafiya, kowa idonsa a bakin gaɓa.